Kana ganin ka gano maganin ciwon hanta? Ga hanyar da ake bi kafin ya shiga kwali

Akwai wani dattijo a unguwarmu mai maganin gargajiya, Baba muke ce masa, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tare ni da wata ƴar jarka a hannu yace yaro kai da kake aikin gwajin jini, wannan haɗin tun kakana ake bada shi kuma ni da idona naga mutane sun zo idonsu ya koma ruwan ɗorawa ko ruwa basa iya riƙewa a ciki, sun sha sati uku sun miƙe garau, toh ya zanyi hukuma ta yarda dashi a saka shi a kwali kamar na turawa? Nace Baba Allah ya ƙara girma, wannan magana ba ta tsaye bace sai mun zauna. Abinda na faɗa masa a zaman nan shine na rubuta anan, saboda masu irin wannan tambayar suna da yawa, daga masu magani har ɗaliban kimiyyar haɗa magunguna da suke neman abin bincike.

Ka fara sanin wace cuta kake magani

Anan mafi yawan mutane suke zamewa tun basu fara tafiyar ba. Shawara alama ce kawai, abubuwa da yawa suna kawo ta: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, toshewar hanyar matsarmama, sannan su ƙwayoyin ciwon hanta da suka kasu A, B, C, D da E. Su A da E ta gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗauka kuma yawanci su suke tafiya da kansu. B ma, in babba ne ya ɗauka, sama da mutum 95 cikin 100 jikinsu ne yake korarta cikin wata shida ko sun sha magani ko basu sha ba. Na C kuma kusan 30 cikin 100 suna korarta da kansu. Kaga kenan in mutum goma masu sabuwar shawara suka zo wajenka ka basu ruwan randa zalla kusan dukkansu zasu tashi, su tafi suna yi maka addu'a, kai ma da zuciya ɗaya ka ɗauka haɗinka ne yayi aikin. Da na faɗa wa Baba haka sai da ya ɗan ɓata rai wlh.

Wanda duniya take nema wa magani shine wanda cutar ta zauna masa, masu B mafi yawansu tun suna jarirai ko ƙananan yara suka ɗauka, domin jaririn da ya kamu da ita kusan 90 cikin 100 bata barinsa, kuma irinsu zaka gansu lafiya lau ba shawara ba komai har sai hanta ta ƙanƙance ko daji ya fito. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 yace mutum miliyan 254 ke ɗauke da B, miliyan 50 kuma C, kuma su biyun sun kashe mutum miliyan 1.3 a 2022. A Najeriya binciken NAIIS na 2018 ya samu B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya, C kuma kashi 1.1.

Toh abin yi: kada ka lissafa kowa a matsayin majinyacinka sai gwajin HBsAg, wato alamar ƙwayar B da ake gani a jini, ya nuna yana da ita sau biyu da tazarar wata shida tsakani. Sannan a auna yawan ƙwayar a jininsa, wanda a asibiti zakaji ana cewa bayiral lod, a auna ALT da ke nuna ko hanta tana ƙuna. Ka sayi babban littafi ka rubuta lambobin nan da kwanan wata kafin ya kai ko cokali ɗaya baki.

Ka yanke me kake nufi da "ya warke"

A C maganar a fili take, in aka gama shan magani aka jira sati 12 aka auna jini ba a ga ƙwayar ba, ya warke. B ce mai taurin kai. Tana shiga can tsakiyar ƙwayar halittar hanta ta ajiye kwafin kanta a dunƙule kamar zobe, masana na ce masa cccDNA, kuma magungunan da ake da su yanzu irinsu tenofovir da entecavir basa kaiwa gare shi, suna dai hana ƙwayar hayayyafa ne, kamar ka sare ƙaiƙayi ka bar saiwar a ƙasa, ranar da ka daina sai ta tsiro. Shi yasa ake shansu shekara da shekaru. Abinda manyan kamfanoni suke kokawar samu yanzu shine a sha magani na ɗan lokaci a daina, a jira sati 24, HBsAg ya ɓace kuma ba a ga ƙwayar a jini ba. Wannan ne ma'auninka kai ma. "Naji ƙarfi a jikina" da "cin abincina ya dawo" duk abin farin ciki ne amma basa shiga lissafi. Kuma ka riƙe a ranka cewa ko cikin waɗanda ta zauna musu kusan mutum ɗaya cikin 100 a shekara HBsAg ɗinsa yana ɓacewa haka kawai, don haka takardar sakamakon mutum ɗaya da ake ɗagawa a bidiyo bata isa hujja ba.

Ka tsayar da haɗin ya zama abu ɗaya kullum

Na tambayi Baba nawa yake zubawa yace cikin hannu. Hannun wa? Saƙesakin damina da na rani ƙarfinsu ɗaya? Wanda aka tafasa minti goma da wanda aka manta a kan wuta? Ba wanda zai iya gwada abinda yau daban gobe daban. Ka ɗauki kowane tsiro da ganyensa da furensa ka kai sashen nazarin tsirrai na jami'a, kamar na ABU Zariya, su tabbatar da sunansa na kimiyya su ajiye samfuri su baka lamba, saboda suna ɗaya a Hausa yana iya zama itace biyu daban tsakanin Sakkwato da Bauchi. Ka sayi sikeli. Ka rubuta giram nawa, ruwa lita nawa, wuta minti nawa, wane wata aka saro.

Daga nan sai masu lab su tatso sinadaran da ke ciki su rarraba su kashi kashi don a gane wanne ne yake aikin in akwai. Nasan abinda ke ranka, za a sace min sirri. Tsoron yana kan hanya, maganinsa kuma yarjejeniya a rubuce da lauya kafin ka buɗe baki. An taɓa yi a ƙasar nan: cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya daga kudu, sukayi yarjejeniyar rabon amfani, aka gwada shi har ya zama Niprisan na masu sikila, kuma cikin abubuwan da ke cikinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, kayan da ke kowace kasuwa tamu. Maganin maleriya na artemisinin ma daga wani ɗan uwan tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar dashi. Don haka ba raina itace akeyi ba.

Gwaji a cikin kwano

Kafin dabba kafin mutum, sai an zuba maganin a kan ƙwayoyin halittar hanta da aka raina a ɗan faranti aka sa musu cutar. Jin sa da sauƙi amma anan aka daɗe. An gano ƙwayar C a 1989, Michael Houghton da abokan aikinsa a kamfanin Chiron, amma ta ƙi yarda ta rayu a lab, shekara goma cur ana fama, kuma duk tsawon lokacin abinda majinyata ke samu shine allurar interferon daga baya aka haɗa da ribavirin, sati 48 ana zazzaɓi da kasala da ɓacin rai kuma a nau'in da ya fi taurin kai masu warkewa ko rabi basu kai ba. Sai a 1999 Ralf Bartenschlager da Volker Lohmann a Jamus suka samu dabarar sa wani yanki na ƙwayar ya dinga kwafin kansa a faranti, a 2005 kuma aka samu wani nau'i daga jikin wani majinyaci a Japan da yake cikakkiyar rayuwa a lab. Daga nan ne ƙofa ta buɗe, kamfani zai iya jera dubban sinadarai ya gwada a ƴan kwanaki yaga wanne ke tsayar da ita.

B ma haka, sai a 2012 Wenhui Li da tawagarsa a Beijin suka gano ƙofar da take bi ta shiga hanta, wani furotin mai suna NTCP, yanzu ana dasa wannan ƙofar a ƙwayoyin halitta na lab a sa musu cutar kai tsaye.

Abu biyu zaka auna a tare: adadin da yake rage ƙwayar cutar da rabi, da adadin da yake kashe rabin ƙwayoyin hantar su kansu. In lambobin biyu suna kusa da juna guba gareka. Ɗalibai ku ji wannan da kyau, ko ruwan bilic ka zuba a faranti zai kashe bairos tas, wa zai sha? Kuma binciken da ake yawan yi a jami'o'inmu, a ba ɓera guba ta lalata masa hanta sannan a bashi ganye a ga ALT ya sauka, wannan yana nuna kariya ga hanta ne wataƙila, ba ruwansa da kashe ƙwayar B.

Dabbobi

Ɓera na gida baya ɗaukar B ko C. Da can birin cimfanzi ake amfani dashi, Amurka ta rufe wannan babin a 2015. Yanzu ana amfani da ɓerayen da aka dasa musu ƙwayoyin hantar mutum, da wata dabba a Amurka mai kama da gafiya da take da nata ciwon hantar ɗan uwan B. Bayan haka sai gwajin guba a dabba iri biyu, ɗaya dangin ɓera ɗaya ba dangin ɓera ba, a basu na tsawon lokaci a duba ƙoda, zuciya, hanta, ɓargo, da abinda yake yiwa ciki.

Ko an tsallake nan ba a gama tsira ba. A 1993 a cibiyar NIH ta Amurka an gwada wani maganin B mai suna fialuridine, dabbobi sun sha lafiya lau, gwajin farko na gajeren lokaci a mutane ya nuna yana danne ƙwayar sosai kowa na murna, aka fara ba mutum 15 da niyyar wata shida, wajen sati na 13 hantar mutane ta fara lalacewa, aka tsayar nan take amma biyar suka rasu, biyu sai da aka yi musu dashen hanta. Waɗannan fa likitoci ne da kayan aiki suna auna jini a kai a kai. Ka kwatanta da mai jarka da bai taɓa auna ALT ɗin kowa ba, in wani ya rasu bayan wata huɗu sai ace ai dama ciwon ne yaci ƙarfinsa.

Yanzu sai mutane

Kafin mutum na farko ya haɗiya sai ka samu izini kashi biyu, na kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da za ayi aikin, waɗanda ke ƙarƙashin NHREC a ma'aikatar lafiya ta tarayya, da na NAFDAC. Sannan ka yi wa binciken rajista a rumbun da kowa zai iya dubawa, irin PACTR na Afirka, ka rubuta tun farko me zaka auna don kada daga baya ka canza ma'auni ya dace da abinda ka samu. Kowane mai shiga sai an karanta masa takardar yarda da harshen da yake ji, an faɗa masa haɗarin, an faɗa masa zai iya fita duk ranar da yaga dama ba tare da an daina kula dashi ba. Mu ƴan arewa ba sai an yi mana dogon bayani akan wannan ba, mun san abinda ya biyo bayan gwajin Trovan da Pfizer tayi akan yara kusan 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996, shari'a har Amurka da sasanci a 2009, da yadda rashin yarda ya shafi har rigakafin foliyo.

Gwajin mutane zango uku ne. Zango na ɗaya mutum ƴan gomomi ne, galibi masu lafiya, a fara da ɗan mitsitsin adadi ana ƙarawa ana kallon me jiki yake yi dashi. Zango na biyu masu cutar ne, ɗari ko ɗaruruwa, a nemo adadin da ya dace. Na uku shine babba, ɗaruruwa zuwa dubbai a asibitoci da ƙasashe daban daban. A na biyu da na uku dole a raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a, kwamfuta ce ke rabawa ba kai ba, domin in kai ne zaka tsinci kanka kana ba masu ƙarfi ƙarfin naka maganin ba tare da ka sani ba. Gida ɗaya su sha naka, ɗayan su sha abu mai kama dashi sak a launi da ɗaci amma ba komai a ciki, kuma daga mai sha har mai bayarwa har mai auna jinin ba wanda ya san wa ke shan me sai an gama.

Ga labarin da ya fi kama da na Baba. A 1988 aka wallafa wani bincike daga Indiya akan ciyawar nan da ake kira geron tsuntsaye, har da sunan Baruch Blumberg wanda ya gano ƙwayar B ya samu kyautar Nobel a 1976. Sakamakon ya girgiza mutane, 22 cikin 37 da suka sha HBsAg ɗinsu ya ɓace, a ɗaya gidan kuma 1 cikin 23. Sai wasu masanan a wasu ƙasashen suka maimaita, basu samu haka ba, aka sake aka sake, har yau shekara sama da 30 ba a samu hujjar da zata sa asibiti ya rubuta ta ba. Mai Nobel fa. Don haka in naka ya bada sakamako mai kyau sau ɗaya, ka roƙi wasu da basu da riba a ciki su maimaita.

Wani abu da zan roƙe ka don girman Allah: duk wanda likita ya ɗora akan tenofovir ko entecavir kada ka ce ya ajiye don ya gwada naka. In aka daina bagatatan ƙwayar tana iya dawowa da ƙarfi hanta ta kumbura har ta gaza. Su kansu kamfanonin galibi akan tsohon maganin suke ɗora sabon a gwajinsu.

Kuɗi, rajista da farashi

Daga faranti zuwa kanti ana ɗaukar shekara 10 zuwa 15, kuma cikin magunguna goma da suka kai ga gwajin mutane kusan tara suna faɗuwa a hanya. A 2012 Bristol-Myers Squibb ya sayi wani ƙaramin kamfani dala biliyan 2.5 saboda maganin C ɗaya, cikin watanni aka ga yana taɓa zuciya, aka binne shi. Shi kuma sofosbuvir, maganin C da Michael Sofia ya jagoranci haɗawa a kamfanin Pharmasset, Gilead ya sayi kamfanin dala biliyan 11 a 2011, aka amince dashi a Disamban 2013, aka sa masa farashin dala 84,000 na sati 12, wato ƙwaya ɗaya dala 1,000. Irin waɗannan ƙwayoyin yanzu suna warkar da sama da 95 cikin 100 na masu C.

Abin ya sauko ƙasa ne saboda an ba kamfanonin Indiya lasisin yin nasu, ita kuma Masar, wadda cutar ta yi wa katutu sanadiyyar allurar tsargiya da aka dinga yiwa ƙauyuka da sirinjin da ba a tafasa da kyau ba shekarun baya, ta ƙi bada haƙƙin mallaka ta sa kamfanoninta suka dinga yi da araha, a 2018 ta fara gangamin da aka gwada kusan mutum miliyan 50, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bata shaidar zinare, ƙasa ta farko da ta samu. Toh ka fara tunanin farashi tun yanzu, wa zai iya saye a Gumel ko Maraɗi.

Batun lambar NAFDAC kuma a kula. Lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya mai harafin L ce a ƙarshe, ta shekara biyu, ma'anarta an duba ba a ga guba a gwajin farko ba, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, shi yasa ake sa a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar bata tantance iƙirarin ba. Cikakkiyar rajista sai da sakamakon gwajin mutane.

In kai ɗalibi ne kana neman inda zaka sa ƙafa, fagen B a buɗe yake. Maganin bepirovirsen na kamfanin GSK a zango na biyu kusan mutum 1 cikin 10 ne suka kai ga ma'aunin da na faɗa a sama, kuma da wannan ɗin ma aka ga ya cancanci zango na uku, kaga irin wuyar abin. Bulevirtide da ke toshe ƙofar NTCP Turai ta amince dashi a 2020 amma na D ne. Abinda ke ci min rai shine irin B ɗin da ya fi yawa a Afirka ta Yamma, wanda ake kira jinsin E, ba kasafai yake shiga manyan gwaje-gwajen nan ba saboda a Asiya da Turai da Amurka aka fi yinsu. Asibitin koyarwa da yake da jerin majinyata a rubuce da firiza mai ajiye jini da wutar da bata ɗaukewa, shi ake nema a kawo wa gwaji.

Shi dai Baba da muka gama yayi shiru can yace toh ashe ni a matakin littafi ma nake. Nace eh Baba, kuma littafin da sikelin basu kai kuɗin buhun masara ba. Ya yarda duk wanda yazo masa da shawara zai fara turo shi a gwada jini kafin ya buɗe jarkar, amma sunan itace na uku a haɗin yace sai lauya ya zo.